Dukhan ɗin Malam Shiru

Duk amaryar 'yan Sudan da aka kai daga unguwar Arba wa Nus ta Alƙahira cikin shekaru biyun nan, da wuya ba ta bi ta ɗakin Hajja Nuha ba. Ita ce mai dukhan, turaren tsugunon nan da ake zuba garwashi da itacen ɗalha a rami, mace ta zauna a kai a lulluɓe ta da bargon shamla har gumi ya karyo mata. A Alƙahira ina za ta ga ƙasar haƙa rami a hawa na huɗu? Tukunyar ƙasa ta samu da kujera mai huji, sana'a ta ci gaba. Bahaushiyar Mai Wurno ta Sudan ce, ta yi aure a Omdurman, ta binne miji a can, yaƙi ya koro ta ita da 'yarta Israa. A wurinta babu ciwon da hayaƙi ba ya taɓawa. Sanyin ƙashi, ciwon baya, gajiyar jego, duk amsarta ɗaya ce: a zauna a dukhan.

Amare ba kullum suke zuwa ba, don haka kwana uku a mako takan shiga mikrobas, 'yar bas ɗin haya, zuwa unguwar Hay el-Sabi', ta yi shara da wanki a gidan Madam Marta, wata ma'aikaciyar ofishin jakadancin Najeriya. Matar kirki ce, 'yar Kafanchan, aibinta ɗaya: akwai maciji a falonta. Wata 'yar ƙaramar mesa ce a akwatin gilashi, wai ita Malam Shiru. Ta mijinta Habila ce, shi ya raɗa mata sunan, kuma tun da ya rasu bara waccan Marta take kiwonta kamar amana. In ta dawo aiki sai ta ja kujera gaban gilashin tana ba shi labarin ofis. Ranar da Nuha ta fara gani salati ta saka, ta ce a ranta wannan kuma wace irin jaraba ce.

Da Marta za ta tafi gida Kirsimeti, ta tsayar da ita gaban akwatin ta yi mata bayani dalla-dalla. Ga shimfiɗar lantarki a ƙarƙashin gefe ɗaya, ga 'yar na'urar da ke kashe ta in zafi ya kai, ɗaya gefen kuma an bar shi da sanyi don ya samu wurin gudu.

"Hajja, maciji ba ya ɗumama kansa, kuma ba ya sanin yana ƙonewa sai ya ƙone. Kada ki ƙara masa komai, kada ki rufe shi. Ruwa kawai za ki canza."

"Tamam, Madam," in ji Nuha. Gaskiyar magana, rabin hankalinta yana kan wata amarya da ke jiranta.

Ranar Alhamis ta gama goge-goge, ta bi gidan ɗaki-ɗaki tana zare filogi, kamar yadda take yi a nata ɗakin tun da gobarar hita ta cinye gidan maƙwabtansu. Talabijin, tukunyar shayi, da wani farin filogi a bayan labule. Ta ja ƙofa tana jin ta kyauta. Israa kuwa ta kwanta zazzaɓi, Nuha ba ta koma gidan ba sai Litinin, kuma sanyin da aka yi a kwanakin nan har Misirawa sun koka.

Tana buɗe ƙofa ta ji falon kamar cikin firiji. Malam Shiru yana dunƙule a lungu, ta ƙwanƙwasa gilashi bai motsa ba. Ta bi wayar da ido har bayan labule. Innalillahi! Ta mayar da filogin, ta sa hannu, ita da ba ta taɓa taɓa shi ba, ta ji shi kamar ƙarfen famfo. Amma da rai, ya ɗan zaro harshe. Da ta haƙura ta zauna, shimfiɗar za ta yi aikinta a hankali. To ina haƙuri ga mai laifi? Ta taɓa ƙasan akwatin sau biyar ba ta ji ɗumi ba. Ga kayan aikinta a jaka, don daga nan gidan biki za ta. Ta hura gawayi a kan murhun gas, ta zuba a ɗan kasko, ta ɗora ɗalha mai kyau, wanda take ɓoye wa 'ya'yan manya. Ta zura kaskon cikin akwatin, ta lulluɓe shi ruf da shamla, ta danne gefuna kada hayaƙi ya tsere.

"Yalla, bawan Allah, ka yi gumi," ta ce masa.

Ta ba shi minti ashirin, daidai yadda take ba amaryar da ba ta saba ba. Da ta yaye bargon, yana miƙe a jikin gilashi ta gefen sanyi, baki a buɗe.

Ta naɗe shi a tsohon mayafinta ta binne a gindin wata bishiya bayan ginin. Ta wanke gilashin har sau uku, ta bar tagogi a buɗe. Ranar Kirsimeti Marta ta kira tana tambayar mutuminta, Nuha ta ce lafiyarsa lau. Wallahi wannan kalmar ta fi kaskon ƙona ta. Abinci ya daina shiga. Amarya ta zo dukhan, Nuha ta ce mata ba ta da lafiya, ta koma. Israa ta ce, "Yumma, maciji ne fa, a garinmu da sanda ake bin sa." Nuha ta daka mata tsawa.

Sai ana gobe Marta za ta dawo Nuha ta aika mata cewa ya mutu, ba ta ƙara komai ba. Washegari da hantsi ta same ta zaune gaban akwatin, ko akwatinta na tafiya ba ta buɗe ba.

"Ɗauke wutar nan ne, Hajja, na sani. Ni ce da laifi. Habila bai taɓa barinsa cikin sanyi ba, ni na sa ƙafa na tafi cin shinkafa." Ta share ido. "Ma'alish, ki yi haƙuri, na bar ki da wahala."

Hanya ta buɗe wa Nuha fetal, ba wanda zai taɓa sani. Amma ta ga matar nan za ta ɗauki kayan da ba nata ba ta yi ta yawo da shi har ƙarshen ranta. Ta durƙusa kan tayil ɗin, ta faɗa mata duka: filogin, kaskon, shamlar, ƙaryar ranar Kirsimeti.

Marta ba ta yi faɗa ba. Da ta yi, da Nuha ta samu sauƙi. Ta daɗe tana kallon gilashin, sannan ta tambaya a hankali, "Ya sha wahala sosai?"

Nuha ta so ta ce a'a. Bakinta ya ƙi.

"Ban sani ba, Madam. Na rufe shi, ina kicin ina wanke kofuna."