Mijina Bai Rantse Ba

Ina goyon ɗana na fari, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai, rikici ya ɓarke tsakanin manoman ƙauyenmu, can gefen Gozaki, da makiyaya a kan burtali. An fasa kawuna, an yi asarar rai. Maza ba sa zuwa gona sai da kwari da baka. Gonar audugarmu kuwa ita ce dab da burtalin, kuma ba mu da wata.

Dagaci ya tara mutane gindin tsamiya don a yi sulhu. Musulmi, har da Arɗo, shugaban makiyayan, da mutanensa, suka dafa Alƙur'ani. Masu addinin gargajiya suka rantse da aradu. Da aka zo kan mijina, wanda bai daɗe da shiga addinin Kirista ba, sai ya ce addininsa ya hana rantsuwa, i ɗinsa i ce. Arɗo ya daɗe yana dubansa.

Mijina ya dawo gida yana ba ni labari har da murmushi. Raina ya ɓaci. Na ce, "Maigida, kowa ya ɗaure kansa, kai kaɗai ka tsaya a sake? Mai taurin kai, wa zai yarda da kai?" Ya ce in kawo masa tuwo.

Shanu suka riƙa wucewa lafiya, amma ni ko ƙarar sanda na ji sai in leƙa waje. Auduga ta fara fashewa ke nan aka tsinci saniyar Arɗo a burtali da kibiya a cikinta. Ba wanda ya yi bincike. A ganinsu wanda ya rantse ba zai kuskura ba, saura mutum ɗaya ke nan. Alhali ran nan muna kasuwar Kafur, ni da mijina.

Da hantsi makiyaya suka jeru a bakin gonarmu riƙe da sanduna da takubba. Dagaci ya aiko a kira mijina. Ya ce, "Ɗana, na san ba kai ba ne. Amma in ka kwana garin nan, sulhu ya tashi."

Maƙwabta suka taya mu ɗaure kaya, kowa kansa a ƙasa. Na zage su tas, ban rage ko tsoho ba.

Har yau ana yabon wannan sulhu, wai ya ɗore. Mijina bai ƙara riƙe fartanya ba. Dako ya yi a Funtua, yana sauke audugar wasu daga mota har bayansa ya ranƙwafa.