Fassarar Kawu

Shekarar da na fara koyarwa a garin Urafane, kawuna yana da rumfar kallo a bakin kasuwa. Shi ke tsayawa gefen tele yana fassara wa mutane. Wata ranar kasuwa ya sa wani tsohon fim marar magana, sai rubutun Faransanci jefi-jefi. Kawu bai iya karatu ba, amma bakinsa bai tsaya ba.

A fim ɗin, wani talaka ya ci gado, ya rubuta wa budurwarsa cewa yanzu ya fi ƙarfinta. Da idona na karanta. Kawu kuwa ya ce ita ta guje shi don ta hango mai kuɗi. Rumfa ta ɗauki tsaki.

Na ce, "Kawu, ba haka aka rubuta ba."

Ya ce, "Ɗana, mazan nan ba wannan suka zo ji ba."

Har yau abin na ci mini rai. Yarinyar tana kuka a gabanmu, ba ta da murya, wanda ya ara mata baki kuma ya yi mata sharri.