Habu Ɗan Majemi da Littafin da Ya Share Ubansa

Shekara bakwai ke nan da muka kai abokina Habu makwancinsa. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan je gidan yayarsa Hajara a unguwar Umarari, nan Maiduguri, mu yi masa addu'a, in sha kunun gyaɗa in dawo gida. Ban taɓa ganin dalilin damun masu karatu da zancensa ba. Bana ne aka tsokano ni.

Babban ɗansa Mustafa, wanda yanzu yake neman kujerar siyasa, ya shirya taron tunawa da mahaifinsa a wani babban ɗakin taro, aka kuma raba wani ɗan littafi mai sheƙi cike da hotuna. Ina zaune a layi na biyu na buɗe shi, ban kai shafi na uku ba na ga abin da aka yi. An rubuta wai marigayi Alhaji Abubakar ya fito daga tsohon gidan malamai na Barno, kaka da kakanni. An jero dangin mahaifiyarsa ɗaya bayan ɗaya har da waɗanda ba su taɓa taka gidansu ba. Mahaifinsa kuwa layi ɗaya aka ba shi: wani ɗan kasuwa mai tsoron Allah. Ba suna, ba gari, ba sana'a.

To ni na san mutumin. Sunansa Malam Ɗanladi, Bakano ne, majemi ne. Ya zo Maiduguri yana saurayi yana bin fatun awaki, ya ga akwai fata akwai ciniki, ya zauna. Ya auri Ya Falmata, Babarbariya daga Ajilari, duk da danginta sun daɗe suna hura hanci a kan auren. A bayan gidansa na Umarari ya kafa kwatarninsa, yana jiƙa fata da toka, yana jeme ta da bagaruwa. Tun daga bakin layi wari yake sanar da kai ka iso. Da wannan warin ya ciyar da 'ya'ya, ya sa Habu a makaranta. Kafin Habu ya tafi aji kullum sai ya cika wa uban kwatarni da ruwa, don haka kullum a makare yake fita, kullum a guje yake zuwa. Ƙafar da daga baya ta zama abin kallo, a nan ta samo asali.

A kwalejin horar da malamai muka haɗu, a filin wasanni. Dukanmu gudun dogon zango muke yi, mai zagaye ashirin da biyar. Ni ina gudu da ƙarfin hali ne, shi kuwa kamar da numfashi biyu aka halicce shi. Ba ya kallon kowa, ba ya buɗe baki, sai an kai zagayen da kowa ya fara neman inda zai faɗi sannan za ka ga ya miƙe. Shekara uku muna tsere tare, bayansa kawai na sani.

A shekararmu ta ƙarshe aka tashi zaɓen waɗanda za su wakilci jiha a wata gasa a Kudu. Habu ya zo na ɗaya, na zo na biyu, tsakaninmu kusan zagaye guda. Bayan kwana biyu wani jami'i ya kira mu ofishinsa. Ya yaba wa Habu sosai, sannan ya ce akwai 'yar matsala: gurbin na 'yan asalin jiha ne, shi kuma takardunsa sun nuna ubansa mutumin Kano ne. Amma abin mai sauƙi ne, in ji shi. Ya je ya samo takarda da sunan kawunsa na Ajilari a matsayin uba, a wuce wurin.

Habu ya ce, "Ranka ya daɗe, ubana yana da rai, yanzu haka yana Umarari yana aiki. Idan na rubuta wani a gurbinsa, in na koma gida in ce da shi wane ne?"

Jami'in ya ce yaro ne, bai san duniya ba. Habu ya yi masa godiya ya fita. Ni ban fita ba. Ni aka ba gurbin, na karɓa, na tafi Kudu, na zo kusa da na ƙarshe. Habu ne ya raka ni tasha, bai taɓa goranta min ba har ya bar duniya. Na faɗi wannan ne don kada wani ya zaci ina magana daga kan tudun tsarki. Ina cikin waɗanda suka ci moriyar zaluncin da aka yi masa.

Daga ranar bai sake shiga gasa ba. Ya koyar shekara biyu, ya ajiye alli ya shiga fataucin wake. Wani ɗan kasuwa Inyamuri da ke da shago a Moduganari ya haɗa shi da masu saye a Kudu, suka yi shekaru suna hulɗa ba a taɓa jin kansu ba. Daga buhu goma ya kai ga cika tirela. Ko a shekarun da hanyoyi suka zama abin tsoro, manya da yawa suka kwashe iyali suka bar garin, Habu bai tafi ko'ina ba. Kuma a goshin kowace mota tasa, da manyan baƙaƙe, an rubuta Ɗan Majemi. A littafin Mustafa akwai hoton ɗaya daga cikin motocin. An yanke shi daidai ƙarƙashin rubutun.

Abin da ya fi ƙona min rai ban san shi ba sai washegari. Na duba ko'ina a wurin taron ban ga Hajara ba, na zaci jiki ne ya hana ta. Ashe an ce mata ta shirya, za a turo mota. Tsohuwa ta yi wanka tun hantsi, ta ɗaura lafayarta ta zuwa biki, ta zauna a zaure har aka kira la'asar. Ba mota, ba waya. Sun san halinta: da an miƙa mata lasifika, da Hausar Kano za ta yi magana, kuma da sunan Baba majemi za ta fara.

Na sami Mustafa a ofishinsa. Ya tashi ya ba ni kujera, ya sa aka kawo shayi, ladabinsa bai ragu ba. Na ajiye littafin a gabansa na tambaye shi ina kakansa.

Ya ce, "Baba Modu, ka fi ni sanin siyasar garin nan. Ranar da abokan hamayya suka ji kalmar Kano, an gama da ni. A bari a wuce zaɓe, sai a gyara."

Na ce, "Mustafa, abin da aka roƙi ubanka ya yi ya ƙi, har ya rasa abin da ya fi so a duniya, shi ka yi ba tare da kowa ya roƙe ka ba."

Ya sunkuyar da kai. Na gaya masa zan rubuta, ya roƙe ni kada in kama sunan gidansu. Wannan kaɗai na yi masa.

Ba shi kaɗai nake jin haushi ba. Tsoron da ya faɗa gaskiya ne, kuma mu muka shuka shi. Malam Ɗanladi ya yi fiye da rabin rayuwarsa a garin nan, a nan aka binne shi. A nan aka haifi Habu, a nan aka haifi Mustafa, Kanuri a bakinsa ya fi nawa daɗi. Zuriya uku, amma har yau sai yaro ya ɓoye kakansa kafin a yarda shi ɗan gari ne. Da Habu zai leƙo, ba na jin faɗa zai yi, ba halinsa ba ne. Kallon littafin zai yi, ya kalli ɗansa, ya tashi ya fita, kuma wannan fitar ta fi duka ciwo.

Motocin an sayar da wasu, an sake wa sauran fenti. Kofunan da ya ci a kwaleji ban san inda suka shige ba. Abin da ya rage na Habu na gaske yana Umarari, wurin tsohuwar da aka bari a zaure. Makon jiya Mustafa ya aika mata cewa ya kama mata gida mai kyau a wata unguwa, ta tashi a rushe tsohon a yi shaguna. Ina wurin ɗan aiken ya zo. Ta saurare shi har ya gama, ta sa masa albarka, sannan ta ce ya gaya wa ɗanta ta gode, amma ita 'yar majemi ce, a gidan majemi aka haife ta, kuma daga nan za a ɗauki gawarta.