Hiramin Surukina

Ni mutumin Salaga ne, gidanmu tun kaka da kakanni fatauci aka sani, daga goro aka koma doya. Ni kaɗai na kauce, na buɗe shagon gyaran waya a Yendi. Da na nemi aure a Bawku, mahaifin yarinyar, dillalin shanu ne mai faɗa a ji, ya ba ni ita amma ba da son ransa ba. A ganinsa namijin da ke wuni yana tsokanar waya da ɗan tsinke bai gama girma ba. Tun da aka kawo ta bai taɓa taka gidanmu ba, kuma abin yana cin matata ko da ba ta faɗa.

A lokacin wani ɗan akwati ya ɗauke mini hankali, irin wanda ake haɗawa da talabijin a tara finafinai a ciki. Tara su bai ishe ni ba. Na saka masa wata manhaja da ke shiga intanet ta nemo wa kowane fim hotonsa, da shekararsa, da taƙaitaccen labarinsa, ta jera su gwanin sha'awa. Na canja launi, na canja rubutu, na sake canjawa. Matata ta ce da zan kula da rufin kicin rabin yadda nake kula da akwatin nan, da ba ta yi girki da laima ba. Abin da na fi taƙama da shi shi ne, in an bar rimot na ɗan lokaci, sai hotunan finafinan su riƙa wucewa da kansu, manya, cike da allo. Manhajar ce ke zaɓo su. Ban taɓa zama na duba su duka ba.

Da muka samu ɗa namiji, sai ga saƙo: tsohon zai zo ya ga jikansa. Matata ta yi kukan murna. Burinta ɗaya, ya ci abincinta ya kwana a gidanta. Ni kuma na goge talabijin na bar shi a kunne, don ya gani da idonsa cewa mai gyaran waya ma ya san wani abu.

Ya iso da hantsi, farar riga, hiramin da ya zo da shi daga Makka a kafaɗa. Na zaunar da shi a babbar kujera, wadda ke kallon talabijin. Matata 'yar fari ce, tsakaninsu akwai kunya, don haka ta gaishe shi daga bakin labule ta koma ciki. Ni na durƙusa a gabansa, talabijin a bayana, idona a ƙasa, yadda ake gaida suruki.

Gaisuwar Bawku ba ta gaggawa. Na tambayi hanya, na tambayi gida, na tambayi shanu da damina da mutanen Binduri, maƙwabtan garinsu. Yana amsawa a natse. Can sai amsar ta fara gajarta.

“Lafiya,” ya ce. “Lafiya. To. To.”

A kan tayil na ga launi yana sauyawa, shuɗi, sannan wani ja-ja. Na saci kallo ta gilashin kabad, sai ga wata baturiya kwance a bakin teku, abin da ke jikinta bai kai hankici ba. Ta wuce, wata ta zo wadda ta fi ta talaucin tufafi.

Rimot yana kan hannun kujerarsa, dab da gwiwar hannunsa. Ba a miƙa hannu ta kan suruki, ba a kuma juya masa baya ana tsakiyar gaisuwa. Shi ma ba zai iya buɗe baki ya yi wa mijin 'yarsa maganar irin wannan abu ba. Haka muka zauna, ni ina sake tambayar shanun da na riga na tambaya. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, har na ji da ma ƙasa ta tsage.

Shi ya raba mu da abin. Ya miƙe a hankali, ya cire hiraminsa, ya zagaye ni, ya lulluɓe talabijin har ƙasa, ya gyara gefe da gefe. Ya dawo ya zauna.

“A kawo yaron,” ya ce.

Ya karɓi jikansa, ya tofa masa addu'a mai tsawo, ya sa mana albarka mu duka. Matata ta fito da tuwo da miyar kuka da ta tashi tun asuba ta yi. Ya taɓa kwanon da yatsa, ya ce Allah ya amfana, amma motar Bawku ba ta jira.

Na raka shi tasha ina riƙe da jakarsa. Sai da ya hau na yi ƙarfin halin cewa, “Baba, an manta hirami.”

“Ban manta ba,” ya ce. “Gidanka ya fi ni bukata.”

Da na dawo na tarar da matata a ɗakin da ta share masa, tana naɗe sabon zanen gadon da ta shimfiɗa. Ba ta ɗago ta kalle ni ba.