Yajin Aikin da Baba Ilu Ya Yi a Bakin Get

Duk wanda ya yi gadi da marigayi Baba Ilu Lajawa a kamfanin casar shinkafar nan na bakin titi a Wudil ya san ba ya tafiya gida sai an caje shi. Shi da kansa fa! Da an tashi aiki zai tsaya a gabanka ya ɗaga hannuwa, ya ce, "Bismilla." Ka ce, "Haba Baba, kai ne fa babbanmu." Ya ce, "Babba ba shi da aljihu ne?" Ran nan na laluba na ci karo da ɓarin goro, na jefa a baki, na ce kayan kamfani ne, an ƙwace. Sati guda ba ya amsa gaisuwata, amma kullum sai ya zo na caje shi.

Mu bakwai ne, kuma ɗan kwangila ne ya kawo mu. Da ma'aikatan inji suka kafa ƙungiya, Baba ya ɗora babbar riga a kan yunifom ya tafi taronsu. Suka ce, "Baba, ku ai na ɗan kwangila ne. Kuma ranar da muka tayar da rigima ku za a sa ku kulle mana ƙofa." Ya je wajen ɗan kwangila, shi kuma ya ce kamfani muke wa aiki, mu koma can. Ya dawo ya same ni a kan benci, ya ce, "Tanimu, ashe ba wanda ya haife mu. To za mu haifi kanmu."

Ya hau mota har Kano wajen wani lauya ɗan garinsu, ya dawo da magana ɗaya da ya haddace kamar karatun allo: doka ba ta hana mai gadi ƙungiya ba, kuma idan za a tuhume shi yana iya zuwa da wakili. Ya naɗa kansa ciyaman, ya naɗa ni sakatare. Ni fa, da na bar makaranta a aji biyu saboda ni da malamin ra'ayinmu ya sha bamban kan bulala!

Na ce, "Baba, ban iya rubutu ba."

Ya ce, "Shi ya sa. Ba za ka rubuta abin da ba a faɗa ba."

Taro kuwa ba mu taɓa yin sa a zaune ba, don ba ya yarda a bar ƙofa ba kowa. Sai ya hau kekensa daga babban get zuwa na baya, ya ce, "An kawo shawara, ka yarda?" Ka ce, "Wace shawara?" Ya ce, "Yarda tukuna, tayata ba iska."

Muna ta yi masa dariya har aka kawo sabon manaja, yaro mai tabarau, ya ce duk mai gadin da ba shi da takardar firamare ya ajiye yunifom a ƙarshen wata. Aka duba, aka sake dubawa, ni kaɗai ne. Ga iyali cike da gida, gonata ta Indabo kuwa idan akuya ta kwanta a ciki sai jelarta ta shiga ta maƙwabci.

Da aka kira ni ofis, ina shiga na ji mutum a bayana.

Manaja ya ce, "Tsoho, kai kuma fa?"

"Wakilin ƙungiya, ranka ya daɗe."

"Wace ƙungiya? Ni ban san da ita ba."

Baba ya ce, "Za ku saba."

Muna fita ya ce an shiga yajin aiki. Na fara kwance bel ɗina, ya daka min tsawa: "Ina za ka? Ƙofa amana ce!" Yajin nasa shi ne gadi zalla. Za mu buɗe, za mu rufe, za mu caje. Amma ba ƙamewa a sara wa kowa, ba wanke mota, ba ɗaukar jaka, ba aiken ƙosai, tunda ba ɗaya a ciki da aka ɗauke mu mu yi.

Wayyo, ashe kamfanin nan a kan aikenmu yake tsaye! Kwana biyu motar manaja ta koma kamar an fito da ita daga kara, kasuwar shanu, ranar Juma'a. A rana ta huɗu manyan baƙi suka zo daga Kano, Baba ya buɗe musu get fuska ba yabo ba fallasa, ya sa direbobi suka buɗe but ɗin motocinsu ɗaya bayan ɗaya. Manaja da kansa ya yi ta jigilar kujeru da lemo, gumi har cikin tabarau. Da la'asar ya tako har benci.

"Ciyaman, mu yi magana."

Baba ya kama kunne, "Na'am? Tsufa, ban ji ba."

"Na ce Ciyaman!"

"To a rubuce. Sakatarena zai dangwala."

Aka rubuta cewa kamfani ya san da mu, kuma dokar takarda sai a kan sababbin ɗauka. Na dangwala yatsa har sau biyu don daɗi. A wannan benci na zauna har gwiwa ta ce ya isa, a nan na aurar da 'ya'yana mata uku.

Da ciwo ya kwantar da shi bara na je Lajawa duba shi. Na ce, "Baba, akwai abin da ke cina. Rana ta biyu ta yajin nan, a bayan sito, hannuna ya kufce na sara wa manaja. Tsoro ne."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Na gan ka, ɗan Indabo. Na juya keke ne. Idan na kore ka daga ƙungiya, don wa za mu ci gaba da yajin?"

Allah Ka ga bawanKa Ilu. Ya tsaya min ranar da ba ni da baki, Ka tsaya masa ranar da ba mai wakiltar wani. Ka yafe masa, Ka sanyaya makwancinsa, Ka rufa wa iyalinsa asiri kamar yadda ya rufa wa nawa. Amin.