Saura ƙiris in narkar da motar Baba

Na ɗaga gwangwanin fentin feshi ke nan sai Malam Idi, mai fentin kabu-kabu a unguwarmu, ya riƙe mini hannu.

Abin da zan fesa ƙaramar motar roba ce, irin wadda ake haɗa sassanta da gam. Baba, Allah Ya jiƙan shi, ya sayo ta shekarar da yajin aiki ya rufe lakwal, wato makaranta, ya ce tare za mu haɗa. Ba mu taɓa haɗawa ba. Sai satin nan na tsince ta cikin akwatinshi a garin Tsibiri.

Malam Idi ya ɗauki wani guntun roba da ya rage daga kayan motar, ya fesa mishi. Nan take ya yamutse, ya yi laushi.

Na ce, "Ikon Allah! Ba duk fenti ba ne?"

Ya ce, "Wanga na ƙarfe ne, ɗan'uwa, cin roba yake. Nemo mai haɗin ruwa. In ta narke, ina za ka samo wadda mahaifinka ya taɓa?"

Na janye motar gefe.

Jama'ar Maraɗi, wa ke sayar da fentin da ba ya cin roba? Ba na fesa komai sai na ji daga gare ku.