Kawu Ya Gyara Hoton Gwiwarsa

Kawuna mai hoto ne, kuma tun da ya buɗe shago bai taɓa barin mutum ya fito a hoto da fuskar da Allah ya ba shi ba. Mai ƙuraje ya fito fes, mai sanƙo ya samu gashi. Ni kaina ya rage mini hanci ban roƙe shi ba, har yau ina jin haushi.

Rannan yana ja da baya don ya ɗauki hoton wasu yara, ya zame a matakala, gwiwarsa ta ce ƙas. Likitan ƙashi ya ce jijiyar da ke riƙe gwiwar ta tsinke, sai an dasa wata. Amma sai an yi hoton na'ura, ya ga inda zai huda ƙashin. Ya sa masa ranar aiki, ya ce in ya rasa ta sai baɗi, kuma gwiwar ba za ta jira shi ba.

A wani asibiti mai nisa aka yi hoton, aka ba shi a filashi. Yana buɗewa a kwamfutarsa ya ja tsaki.

"Wannan ne aikin masu ilimi? Dubi dabbare-dabbare!"

Kawu gwani ya zauna ya goge tabon, ya haɗa zaren jijiyar da ya rabu, ya ƙara haske. Ya share na asali, don kada a ga abin kunya. Ya wanke a takarda mai sheƙi, na raka shi asibiti yana ɗingishi yana taƙama.

Likita ya daɗe yana kallo.

"Baba, mai wannan gwiwar zai iya buga ƙwallo gobe. Ina taka?"

"Ita ce. Ɗan tsaftace ta na yi."

"Abin da ka tsaftace shi zan yi wa aiki."

Kafin a sake karɓo na asali daga can, an ba wani ranarsa. Na yi dariya har da hawaye, sannan tausayi ya kama ni, don yanzu matakalar shagon ma da gindi yake hawanta.

Jiya na kai masa abinci, ya riƙe mini hannu, murya ƙasa-ƙasa.

"'Yar nan, koma ki roƙar mini likitan. Ce masa tsoro na ji da na ga jijiyar ta tsinke a hoton."